Muhawara: Takardar shaidar duba na'urorin ɗaga kaya, wa doka ta ɗora wa nauyinta?

MaiSito_Dakace: Assalamu alaikum, 'yan'uwa mambobin wannan zaure. Ina da wurin sarrafa masara da waken soya a Dakace, Zariya, kan hanyar Jos, kuma a bara na sayi tsohon fokalif, wato motar ɗaga kaya mai cokula biyu a gaba, mai ɗaukar tan 3 domin lodin buhuna, ga kuma cen-bulok, wato na'urar ɗaga kaya mai sarƙa, da muka rataya a jikin ƙarfen rufi muna sauke motar injin niƙa da shi idan za a yi gyara. Wani kamfani da nake neman kwangilar kai masa kaya ya ce sai na kawo takardar shaidar cewa an duba waɗannan na'urori. Da na fara tambaya, sai aka haɗa ni da wani mutum da ya ce zai kawo mini takardar cikin kwana biyu ba tare da ya tako wurin ba, in dai na aika masa da hoton na'urar da lambarta. Raina bai kwanta da hakan ba. Ina roƙon masana su bayyana mini ko da gaske dokar Najeriya ta wajabta wannan dubawa, da tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a sake ta, da kuma wanda ya cancanci ya yi ta. Haka nan idan na yi hayar kiren, wato motar ɗaga manyan kaya mai dogon hannu, domin sauke janareta ko kwantena, nauyin tabbatar da lafiyarsa a kaina yake ko a kan mai shi?

Injiniya_Samaru: Wa alaikumus salam, Alhaji. Dokar tana nan, kuma ba sabuwa ba ce. Dokar Masana'antu ta 1987, wadda aka sake jerawa cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta ware sassa na musamman a kan lif mai hawa da mutane ko kaya bene, da sarƙoƙi da igiyoyi da ƙugiyoyin ɗaga kaya, da kiren da makamantansa. Lif da sarƙoƙi da igiyoyi ana yi musu cikakken bincike aƙalla sau ɗaya a kowane wata shida, kiren kuwa tazararsa ta fi haka tsawo. Kafin a fara amfani da sabuwar sarƙa ko sabuwar na'ura dole a gwada ta a ba ta takarda mai nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka lafiya, kuma dole wannan nauyi ya kasance a rubuce inda mai aiki zai gani. Bayan wannan, a 2018 Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta fitar da ƙa'idoji na musamman a kan na'urorin ɗaga kaya, waɗanda suka faɗaɗa abin da tsohuwar dokar ta ƙunsa. Wanda zai duba kuwa ba kowane injiniya ba ne, sai wanda ma'aikatar ta amince da shi, don haka ka nemi ya nuna maka shaidar amincewar kafin ka ba shi ko sisi. Mutumin da ya ce hoto ya ishe shi, ka rabu da shi.

BakanikenKwangila: Injiniya, ina da tambaya a kan maganarka. Tun ina yaron gareji nake ciro injin mota da cen-bulok a Kwangila, kuma ban taɓa ganin wani jami'i ya zo ya ce in kawo sarƙa ya duba ba, haka ma maƙwabtana daga nan har Sabon Gari. Anya wannan doka ba ta manyan kamfanoni ba ce kawai, irin masu ɗaruruwan ma'aikata? Mu da muke aiki a ƙarƙashin rumfa da yara uku ko huɗu, ina ruwanta da mu?

Lauya_Kongo: Malam Bakanike, rashin zuwan jami'i ba ya nufin doka ba ta hau kanka ba. Ma'anar masana'anta a cikin dokar tana da faɗi ƙwarai, domin ta haɗa da wuraren da ake ɗaukar mutane aiki wajen ƙera abu, ko gyara shi, ko sarrafa shi da nufin kasuwanci, kuma ba ta tsaya ga manyan kamfanoni ba. Wanda dokar take kamawa a mafi yawan sassanta shi ne mai riƙe da wurin, wato wanda yake gudanar da aiki a cikinsa, ko nasa ne ko haya yake. Akwai abubuwa biyu da mutanenmu ba su cika sani ba. Dokar ta ce a ajiye rajista da za a rubuta kowace sarƙa da kowace na'urar ɗaga kaya a cikinta, da ranar da aka duba ta. Sannan idan haɗari ya faru har ma'aikaci ya rasu, ko ya kasa yin aikinsa fiye da kwana uku, wajibi ne a sanar da sufeton masana'antu a rubuce. Sufeto yana da ikon ba da takardar umarnin gyara, yana kuma da ikon hana amfani da na'ura gaba ɗaya har sai an kawar da haɗarin. Ga Alhaji mai tambaya kuma, ina ƙara jan hankali cewa takardar da aka rubuta ba tare da dubawa ba ba za ta kare shi a gaban kotu ba, hasali ma hujja ce a kansa, domin za ta nuna ya san wajibin kuma ya zaɓi ya kauce masa.

DirebanKiren_PZ: Ni tambayar haya zan amsa, tunda sana'ata ce. Abin da ya fi jawo mana rigima da masu haya shi ne sun ɗauka kiren mai tan 25 zai ɗaga tan 25 a ko'ina aka ajiye kayan. Ba haka ba ne. Wannan adadi na lokacin da kayan yake dab da motar ne, hannun kuma a taƙaice. Da zarar an miƙa hannun nesa, abin da zai iya ɗauka yana raguwa sosai, kuma akwai jadawali a cikin ɗakin direba da yake nuna nauyin da ya halatta a kowace tazara. Na taɓa zuwa sauke taransifoma a wata unguwa cikin watan Agusta, na tarar an cike wurin da jar ƙasa ba a daɗe ba, ruwa kuma ya jiƙa ta. Da na sauke ƙafafun kiren na ɗan matsa, sai na ga katakon da ke ƙarƙashin ƙafar baya ta dama yana nitsewa a hankali, laka tana fitowa ta gefensa. Na ce ba zan ɗaga ba sai an kawo manyan katakai an shimfiɗa, mai kayan ya yi fushi ya ce ina ɓata masa rana. Takardar kiren ɗin tana nan lafiya lau a ranar, amma takarda ba ta san irin ƙasar da za a tsaya a kai ba, ba ta kuma san akwai wayar wutar lantarki a saman katanga ba. Don haka a ganina lafiyar na'ura tana kan mai ita, lafiyar fili kuwa da faɗin gaskiyar nauyin kaya suna kan wanda ya yi haya.

Hajiya_TudunWada: Ina karanta wannan muhawara da nauyin zuciya, domin abin ya taɓa gidanmu. Ƙanena yana aiki a wani wurin ajiye kaya, sarƙa ta tsinke, ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa, kuma har yau da sanda yake tafiya. Abokan aikinsa sun ce an daɗe ana ganin wani zobe na sarƙar ya miƙe ya sirance, amma aka ci gaba da aiki da ita. Mai wurin ya biya kuɗin asibiti na makon farko, daga nan ya ce ƙaddara ce, ya sallame shi. Yaro ne mai mata da 'ya'ya biyu. Malam Lauya, shin babu wani haƙƙi da doka ta tanadar wa irinsa?

Lauya_Kongo: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya kuma saka muku da alheri a kan ɗawainiyarsa. Akwai Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF take gudanarwa. A ƙarƙashinta mai ɗaukar ma'aikata yana biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a kowane wata, daga aljihunsa, ba daga albashin ma'aikaci ba, kuma daga wannan asusu ake biyan magani da diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki ko iyalan wanda ya rasu. Akwai wa'adin shigar da buƙata, saboda haka kada ku yi jinkiri. Ku tattara takardun asibiti da sunayen waɗanda suka ga abin da ya faru, ku je ofishin hukumar a Kaduna, ku kuma sami lauya ya duba yiwuwar ƙara a kan sakaci.

Malam_Kofar_Doka: Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri. Ina so in yi magana a kan kalmar ƙaddara da mai wurin ya fake da ita, domin ana yawan zaluntar ma'aikata da ita. Imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mutum alhakin sakacinsa ba, kuma mun san hadisin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Wanda ya ga sarƙa ta lalace ya tura ɗan wani ƙarƙashinta, akwai tambaya a kansa a nan da kuma gobe ƙiyama. Mu tuna da kiren da ya faɗo a Masallacin Harami a ranar 11 ga Satumba, 2015, ana dab da aikin Hajji, inda mutum fiye da 100 suka rasu, har da 'yan Najeriya. An yi iska mai ƙarfi da ruwan sama a ranar, amma hukumomin Saudiyya ba su tsaya a kan iska ba, sun yi bincike, sun kuma gano cewa an bar hannun kiren a yanayin da ya saɓa wa umarnin kamfanin da ya ƙera shi. Idan a can ba a ce ƙaddara ce a rufe magana ba, ban ga dalilin da za mu rufe ta a Zariya ba.

DanKasuwa_SabonGari: Ban ƙi abin da Malam ya faɗa ba, amma bari in kawo ɓangaren da ba a taɓa ba. Duk wata takarda da gwamnati ta wajabta a ƙasar nan tana zama hanyar karɓar kuɗi daga ƙaramin ɗan kasuwa, kuma abin da na gani shi ne mai dubawa yakan zo daga Kaduna ko Kano, a biya masa kuɗin mota da na aiki, ya zagaya na'ura sau ɗaya ya sa hannu. To mene ne bambancinsa da mai hoton da Alhaji ya ambata, ban da tsada? Ga kuɗin dizal, ga haraji iri-iri. Ita kanta dokar an kwafo ta ne daga ta Ingila, tarar da ke cikinta kuma ta 'yan dubban naira ce tun ƙimar 1987, wadda ba za ta tsorata kowa ba a yau. Ni a ganina gara mutum ya sami amintaccen bakanike yana duba masa kayansa a kai a kai.

TsohonSufeto: Alhaji na Sabon Gari, na yi aikin duba masana'antu har na yi ritaya, kuma ba zan musa maka cewa sufetoci sun yi kaɗan ba, ko cewa tarar ta tsufa. Amma wanda ya zagaya na'ura sau ɗaya ya sa hannu bai yi bincike ba, kuma kai da ka biya shi kana da ikon ka ƙi karɓar takardarsa. Bari in faɗi yadda aikin yake, domin mai kaya ya san abin da zai tsaya a kai. Idan cen-bulok ne, ana sauke shi ƙasa, a wanke sarƙar da kananzir domin maiƙo da ƙura suna ɓoye tsaga, sannan a bi ta zobe bayan zobe da hannu da ido. Wurin da zobe yake gogar ɗan'uwansa nan ne yake cinyewa, kuma da ma'auni ake auna shi, ba da ƙiyasi ba. Idan kaurin ya ragu da kashi 10 cikin 100, sarƙar ta gama aiki. Ana auna bakin ƙugiya a gani ko ya buɗe fiye da yadda aka ƙera shi, a duba ko ɗan marfin da yake hana kaya zamewa yana nan, a ɗaga kaya kaɗan a saki a ga ko birki yana riƙewa ko yana zamewa. Sannan a ɗaga kai a dubi ƙarfen da aka rataya shi, domin sau da yawa cen-bulok mai tan 2 ne a jikin ƙarfen rufi da ba wanda ya taɓa lissafa abin da zai iya ɗauka. Alhaji na Dakace, wannan ya shafe ka kai tsaye. Idan fokalif ne, ana auna dugadugan cokulan biyu, wato inda suka lanƙwasa suna jan ƙasa, domin cinyewar kashi 10 a nan tana rage ƙarfinsu da kusan kashi 20. Ana duba sarƙoƙin da suke ɗaga cokulan, da tiyon mai, da birki, da farantin da yake nuna nauyi. Rahoto na gaskiya yana ɗauke da lambar na'ura, da abin da aka auna, da lahanin da aka gani, da ranar dubawa ta gaba. Amintaccen bakanike yana da amfani ƙwarai wajen gyara, sai dai wanda ya yi gyara bai kamata ya zama shi ne mai yanke hukunci a kan gyaransa ba.

Injiniya_Fatakwal: Ni ɗan Tudun Jukun ne amma ina aiki a ɓangaren mai a Fatakwal, kuma ina so in gyara wani abu a maganar Alhaji na Sabon Gari. Gaskiya ne asalin dokarmu daga Ingila yake, amma ƙarfe ba ya sauya hali don ya ƙetare teku. Su can sun sabunta nasu tsarin a 1998 da ƙa'idojin da ake kira LOLER, inda ake duba na'urar da take ɗaga mutane da kuma sarƙoƙi da bel da shakul, wato ƙarfen da ake haɗa sarƙa da kaya da shi, duk wata shida, sauran na'urori kuma duk wata goma sha biyu, a sake dubawa idan wani abu na musamman ya sami na'urar. A wurin aikinmu ana shafa wa kowace sarƙa da shakul fenti mai launin zangon da aka duba ta, ta yadda ko lebura ya ga launin da ya wuce ya san ba a taɓa ta. Wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, gwangwanin fenti ne da littafi. Bel ɗin ɗaga kaya ma launinsa yana faɗin ƙarfinsa: shunayya tan 1, kore tan 2, rawaya tan 3, ruwan toka tan 4, ja tan 5.

BakanikenKwangila: Na gode wa Baba Sufeto, na ƙaru. To amma idan zobe ɗaya ne kawai ya tsage, mu abin da muka saba shi ne a kai wa mai walda ya ɗinke shi, ko a yanke shi a haɗa da ƙusa mai noti. Sarƙa sabuwa tana da tsada a yanzu. Shin idan waldar ta kama da kyau akwai laifi?

Injiniya_Samaru: Akwai laifi babba, Malam Bakanike, kuma ina roƙonka ka daina tun daga yau. Sarƙar ɗaga kaya ta zamani ana yin ta da ƙarfe na musamman da aka gasa aka sanyaya bisa ma'auni a masana'anta, kuma daga nan ƙarfinta yake fitowa. Zafin walda yana rushe wannan gashi a zoben da aka ɗinke da na kusa da shi, sai wurin ya yi taushi ko ya yi gautsi, kuma ido ba ya ganin bambancin. Ƙusa mai noti kuwa ba a yi ta don ta ɗauki nauyi a lanƙwashe ba. Wani abin da nake gani a garejoji shi ne a ɗaure inji da sarƙa mai ƙafa biyu a buɗe su sosai saboda sarƙar ta yi gajarta. Idan kusurwar da ke tsakanin ƙafafun ta kai digiri 120, kowace ƙafa tana ɗauke da nauyin kayan gaba ɗaya, ba rabinsa ba. Kuma ko sarƙa sabuwa ce, kada yaro ya shiga ƙarƙashin injin da yake rataye.

Magini_Hanwa: Tunda an zo kan yara, a wuraren gini abin ya fi muni. Ranar zuba kankaren rufin bene za ka ga ana jan bokitin kankare zuwa bene na biyu da igiyar da rana ta cinye, lebura kuma yana tsaye daidai ƙarƙashinsa yana jiran ya dawo. Na kuma sha ganin an ɗora mutum a kan cokulan fokalif an ɗaga shi ya gyara fitila. Waɗannan ba sa jiran wata shida, abu ne na kowace safiya, kuma shugaban aiki ne kaɗai zai iya hana su.

MaiSito_Dakace: Na gode muku baki ɗaya, Allah ya saka da alheri. Bayan na karanta bayanin Baba Sufeto na sa an sauke cen-bulok ɗin an wanke shi, sai muka tarar ɗan marfin ƙugiyar babu shi, farantin fokalif kuma ya goge har ba a iya karanta nauyin da ke jiki. Na dakatar da amfani da cen-bulok ɗin, kuma zan je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago a Kaduna in nemi sunayen waɗanda aka amince su yi dubawa. Abin da ya rage mini shi ne maganar haya. Direban kiren ya raba nauyin gida biyu, amma ina so in ji ko doka ma haka ta raba shi.

Lauya_Kongo: Alhaji, rabon da Malam Direba ya yi yana da ma'ana a aikace, sai dai kada ka dogara da shi har ka saki jiki. Idan aikin a cikin harabarka ake yi, ma'aikatanka ne kuma suke ɗaure kayan suna ba da hannu, da wuya ka fita daga alhaki don kawai motar ta wani ce. Ka nemi kwafin rahoton dubawa na kiren kafin ya shigo, ka tabbatar lambar da ke takardar ita ce a jikin motar, ka kuma rubuta yarjejeniya da ta fayyace wanda zai tsara ɗagawar da wanda zai ba da umarni.

DirebanKiren_PZ: Ranka ya daɗe Lauya, na yarda da neman takarda, amma a Zariya yawancin hayar kiren ta waya ake ƙulla ta da safe, a gama aiki kafin azahar, kuma ban taɓa ganin wanda ya zauna rubuta yarjejeniya ba. Idan aka ce sai an rubuta, masu haya za su koma wurin wanda ba ya tambayar komai. Abin da nake roƙo shi ne idan direba ya ce ba zai ɗaga ba, a saurare shi, kada a kira maigidansa a ce a turo wani.

DanKasuwa_SabonGari: Har yanzu ba a amsa mini batun kuɗi ba. Idan masu ƙananan wurare a Dakace da Cikaji da Muciya za su haɗu su ɗauko mai dubawa ɗaya ya zagaya su a rana guda, kuɗin motarsa zai rabu a tsakaninsu, kuma zai ji kunyar sa hannu ba tare da ya auna ba alhali mutum goma suna kallonsa. Baba Sufeto, shin ƙa'ida ta yarda a yi haka, ko kuwa dole kowa ya nemi nasa daban?